Bindiga Huɗu a Wuyan Sajan

Auta tana cikin rataya masa bindiga ta uku ke nan, Sajan, mahaifinta, ya ce wannan ba ta cika nauyi ba. Bakinsa ne ya riga hankalinsa. Ya karɓe ta da hannu ɗaya, ya jinjina sau biyu, ya ce in dai irin mai dogon bakin nan suke kwaikwayo, to da sauran kusan rabin kilo, sai fa in wadda ba harsashi a ciki suke nufi.

Dogo, abokin aikin Auta, ya karɓa ya ɗora a kan sikeli, ya duba takardar da ke hannunsa, ya gyara zaman tabarau. Giram ɗari huɗu da hamsin ne suka yi ƙasa. Ɗakin ya ɗauki tafi. Auta kuwa ta bi fuskokin mutanen ɗaya bayan ɗaya da kallon "ai na gaya muku", har ta dire a kan Dogo. Shi Sajan murmushi ya yi, amma ya san inda ya koyi wannan awon, kuma ba inda suke zato ba ne.

A hawa na uku na wani gini suke, a ƙaramin kamfanin da Auta ke aiki, inda ake ƙera wasannin kwamfuta irin waɗanda mutum ke riƙe abin dannawa ya yi ta harbi a allo. Ɗakin ba taga, an shimfiɗe ƙasa da katifun roba, kyamarori takwas suna leƙowa daga bango. Sun cusa shi a wata matsattsiyar baƙar riga wadda ba ta rufa wa tumbinsa asiri ko kaɗan ba, sun manna mata fararen ƙwallaye a kafaɗa da gwiwa da ƙugu, wai da su kwamfuta za ta kwafe tafiyarsa ta ba sojan cikin wasan. Bindigogin na roba ne, an ɗura musu yashi da guntayen ƙarfe don su yi nauyin na gaske. Dattijo mai shekara sittin da uku, an mai da shi kamar zabo.

Gardama ce ta kawo shi. Wata biyu ke nan ana kai ruwa rana a kamfanin a kan abu ɗaya tak: makami nawa sojan cikin wasan zai iya ɗauka a jikinsa. Dogo ya kafe a kan biyu, yadda yawancin wasannin yanzu suke yi. In ka ga ta uku ta burge ka, sai ka yar da ɗaya. A cewarsa daɗin abin ke nan, mai wasa ya yi tunani kafin ya zaɓa, kuma maɓalli ɗaya ya ishe shi sauyawa. Ya ce zamanin da soja ke yawo da bindiga goma a aljihun wando kamar biro ya wuce. Auta ta ce ita ma ba goma take nema ba, huɗu take nema, kuma ba daga kanta ta ƙago ba. Wata shida ta kwashe tana gina wani babi na wasan, inda soja ɗaya ke ƙetare kogi da bindiga huɗu a jikinsa, ruwa har ƙirji, ana yi masa ruwan wuta daga gaɓa. In aka tsaya a kan biyu, babin nan ya tafi kwandon shara, shi da wata shidanta. Ranar da Dogo ya ce a taro ba ɗan Adam ɗin da zai yi yaƙi da bindiga huɗu, Auta ta miƙe tsaye ta ce wanda ya yi yana nan da ransa, kuma ita ke fara gaishe shi kowace safiya. Mai kamfanin, wadda kowa ke kira Shugaba, ta ce to a kawo shi ranar Alhamis ya raba gardama.

Labarin kogin nan ba wanda bai haddace shi ba a gidan Sajan. Yayyen Auta sun ji har sun ƙoshi, da zarar ya ce "ruwan nan, sanyi har ƙashi" sai ka ga suna zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da wanki. Ita kaɗai ce ba ta taɓa gajiya ba. Tun tana 'yar shekara shida take zama a kan ƙafarsa, in ya tsallake wani wuri ta dawo da shi baya. Ta taɓa fasa wa wata yarinya baki a makaranta don ta ce ƙarya ne.

To, Sajan dai sajan ne, wannan ba ƙarya a ciki, da takardunsa. Amma shekara ashirin da biyun da ya yi a kaki, a siton makamai ya yi su, a bayan kantar ba da kaya, tsakanin littafin rajista da gwangwanin man goge bindiga. Yaƙin da ake magana a kai, daga nisan kilomita arba'in ya riƙa jiyo shi, kamar hadari a wani gari. Da Auta ta zo masa da maganar ofis, ya ce gwiwa na damunsa, ta sayo man zafi. Ya ce shi bai iya magana a gaban masu dogon karatu ba, ta ce ba magana zai yi ba, tafiya ce kawai. Ta ina mutum zai ƙi 'yarsa, alhali shi ya ba ta abin da take taƙama da shi?

Aka ƙara wa ta ukun yashi, aka rataya ta huɗu. Ɗaya a hannu, ɗaya a kowace kafaɗa, ɗaya a gicciye a baya. Shugaba, mace mai sanyin murya wadda ba ta ɓarnar kalma, ta zauna a bayan tebur ta ce ya taka daga wannan bango zuwa wancan, yadda ya taka a cikin ruwan.

A babban allon da ke gefe wani soja matashi mai faɗin ƙirji yana tsaye. Sajan ya ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Sajan ya matsa ya ƙura masa ido, sai ya ga girarsa, ya ga hancinsa, ya ga har tabon da ke haɓarsa. Ashe daga tsohon hotonsa na falo Auta ta ɗauko fuskar. Tabon nan kuwa, murfin akwatin harsasai ne ya buge shi wata rana yana shara, amma a gida an san shi da ɓarɓashin bam.

Tafiyar dai ya yi ta maza ya kai bango. Ya durƙusar da gwiwa, ya buɗe ƙafa, ya riƙa ture ruwan da babu shi da ƙirji, yadda ya saba nunawa a tsakar gida. Sojan allo ya yi abin da kyau har wani ya yi fito. Sai Dogo ya matso cikin ladabi, ya ce Baba, don Allah ko za a auna jan tambarin can na bango, sannan a sauya zuwa ta bayan, su ga yadda ake yi.

Nan fa aiki ya tashi. Yana ɗaga ta hannun, ta kafaɗar dama ta zamo ta maƙale a gwiwar hannunsa. Ya kai hannu baya, maɗaurin ya shaƙe masa wuya. Ya sunkuya don ya zare, gindin ta bayan ya ƙwale masa ƙeya, bakin ta hagu ya soki cinyarsa. Ƙwallo biyu suka ɓalle suka gangara ƙarƙashin tebur. A allo kuwa, jarumin nan mai faɗin ƙirji sai juyi yake yana kaɗe jiki kamar wanda zuma ta biyo. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shi ya fi ciwo.

Auta ta ruga ta warware shi tana cewa shekaru ne, lokacin ai talatin ɗinsa da kaɗan, kuma maɗauran nan na kasuwa ne, ba irin na soja ba. Dogo ya ce ƙwarai kuwa, gaskiyarta, ya jawo kujera da kansa, ya kawo ruwa mai sanyi ya miƙa da hannu biyu. Da ma rashin kunya ya yi masa, da Sajan ya sami inda zai huce. Ya sha ruwan yana jin gumi na bin bayansa a cikin rigar nan da ba ta numfashi.

Shugaba ta ce a ɗan sarara. Kafin a gyara maɗauran, ta ce ko Baba zai taɓa wasan da hannunsa, ya ga abin da ake ta rigima a kai. Aka kunna masa wanda Dogo ya tsara, mai makami biyu. Auta ta tsugunna a gefen kujerarsa tana ɗora masa manyan yatsunsa a inda ya dace: wannan tafiya, wannan juyawa, wannan harbi. Ya shiga bango sau uku, ya harbi sama, ya harbi ƙafarsa, mutane suka saki jiki suna ba shi ƙwarin gwiwa. Shi ma ya ɗan ji sanyi, don wannan kunyar tsufa ce, kowa yana yafe ta.

Can ya fito wani fili da gidaje rusassu, ga wata bindiga a yashe tana ƙyalli. Auta ta ce ya danna nan. Ya danna. Sojan ya suri sabuwar, ta hannunsa ta faɗi ƙasa da ƙara, ƙwal.

"Gaba, Baba, gudu," in ji Auta. "Suna zuwa."

Sajan bai yi gaba ba. Ya lalubo maɓallin juyawa, ya dawo kan wadda ta faɗi, ya danna. Sojan ya ɗauke ta, sabuwar ta faɗi. Ya sake dannawa, waccan ta faɗi. Yana nan yana ɗauka yana yarwa aka bindige shi, allon ya yi ja. Aka maido shi farko. Ya zo filin, ya sake tsayawa a wuri ɗaya, aka sake kashe shi. A karo na uku dariyar da ake ta dannewa ta ƙwace wa mutane, har Auta ta kifa kai a hannun kujera. Dogo ya sunkuyo yana bayani a hankali, cewa biyu kawai wasan ya yarda a riƙe, ɗayar sai a bar ta a nan a wuce.

"A bar ta a ƙasa? To wa zai amsa ta?"

"Ba mai amsawa, Baba," in ji Dogo. "Wasa ne."

"Bindigar nan da lamba a jikinta," in ji Sajan. "Lambar nan da sunan mutum a gabanta a littafi. Ka fita da ita, ka dawo da ita. Ba a yar da bindiga don an hango sabuwa, ba takalmi ba ce."

Muryar da ya yi maganar da ita, Auta ba ta taɓa jin ta ba. Ba muryar labarin kogi ba ce mai hawa da sauka. Wannan busasshiya ce, mai kaifi, irin ta mutumin da ya saba a tsaya masa a layi. Kuma da ta ɓalle ba ta tsaya ba. Ya ce su biyun duk shirme suke, da mai biyu da mai huɗu. Ɗaya ake ba soja, ɗaya tak, ita ce uwarsa ita ce ubansa, da ita yake kwana da ita yake shiga banɗaki. Hafsa ne ake ƙara wa ƙarama ta ƙugu. Wanda ya dawo ba tasa, gara ya dawo ba wando. Ya ce shi a shekara ashirin da biyu bai taɓa miƙa wa mutum ɗaya doguwar bindiga biyu ba, ko ɗan uban wane ne.

Sai da ya kai ƙarshe ya ji abin da ya faɗa.

Shugaba tana riƙe da biro, ba alamar mugunta a fuskarta, tambaya ce kawai irin ta mai son fahimta. "To Baba, huɗun nan fa? Wa ya ba ka su?"

Akwai hanyar fita, kuma ya san ta, shi ya share ta da kansa tun shekaru. Kafin ya buɗe baki ma Auta ta riga shi. Ta miƙe ta ce ɗaya tasa ce, ukun kuma na abokan gaba ne, ya ƙwace su a ramin da ke bakin gaɓa bayan ya gama da masu su, sannan ya faɗa ruwan, ruwan nan sanyi har ƙashi. Kalmominsa ne sak, har inda yake jan numfashi ita ma ta ja. Tana faɗa tana kallon Shugaba ido cikin ido, ba ko ɗar, don ita a wurinta gaskiya take faɗa.

Wannan ne ya karya shi. Ƙaryar nan a bakinsa ta saba zama, ya san ɗanɗanonta. Amma ya ji ta a bakin yarinyar nan, a gaban mutanen da ke auna maganarta kullum, tana jingina aikinta da mutuncinta a kanta, sai ya ji kamar ya sa ta fita titi da rigar sata ba ta sani ba. Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa har tsakiyar kai.

"Zauna, Auta," ya ce. "Ba ni ba ne."

Ba ta zauna ba. Shi kuma bai iya kallonta ba, sai ya kalli abin dannawar da ke cinyarsa ya yi magana da shi.

Ya ce shi mai sito ne. Bai taɓa harbin kowa ba, ba a kuma taɓa harbinsa ba, kogin nan ko a hoto bai gan shi ba. Wata safiya ce, yana buɗe tagar sito, ya ga wani soja tsaye, jiƙe har ƙirji, takalmi ɗaya a ƙafa. Bindiga huɗu a wuyansa, maɗauran sun yanka masa fata har jini ya bushe a kwalar rigarsa. Ya sauke su a kan kantar siton ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya tasa, ukun na abokan ɗakinsa. Sajan ya tambaye shi ina masu su, don littafi yana son mai bindiga ya sa hannu da kansa. Mutumin ya ce suna can ƙetare, bai iya ɗauko su ba, abin da ya iya ɗaukowa ke nan.

Ya ce mutumin bai yi yaƙi da huɗu ba. Ko ɗaya bai iya ɗagawa ba, yadda suka ga shi ma ya kasa yanzu. Dako kawai ya yi, cikin ruwa, ana harbinsa, don kada a ce abokansa sun mutu sun yar da kayan hukuma. Ya ce duk wanda suka gani da bindiga fiye da ɗaya yana dawowa, kada su yi masa tafi, su tambaye shi mutum nawa ya baro.

Da a nan ya tsaya, da an ce ya yi ƙoƙari. Amma abin ya riga ya taso, bai tsayu ba.

"Da laka a jikinsu," in ji shi. "Doka ta ce ba a karɓar bindiga da datti. Sai na tura masa tsumma da mai ta taga. Na ce ya goge su tukuna."

Ya ce mutumin bai yi musu ba. Ya zauna a ƙasa a gindin tagar, ya wargaza su ɗaya-ɗaya yana gogewa, yana ba da labarin kogin, ba ga Sajan ba, ba ga kowa ba. Kusan awa biyu. Sajan yana ciki yana shan shayi yana ji. Da ya gama, Sajan ya leƙa bakin kowace a hasken rana, ya maido masa da ɗaya ya sake. Bayan shekaru, da Auta ta tambaye shi me ya yi a yaƙi, sai ya ba ta labarin da "wani mutum". Bai san ranar da wani mutumin ya koma "ni" ba. Ya dai san idonta ya fi haske a ranar.

Wata mai zanen hotunan wasan da ke can baya ta miƙa hannu a hankali ta kashe babban allon, sojan nan mai fuskarsa ya ɓace.

Shugaba ta rufe biro. Ta yi masa godiya, godiya ta gaske, wadda ta fi zagi nauyi. Sannan ta ce biyu za a yi. Maganar babin kogi kuma sai Litinin. Dogo, wanda ya yi nasara, ya tsaya kamar shi aka kama. Ya ce wa Auta ƙasa-ƙasa wataƙila babin zai iya tsira, in aka bar sojan ya ɗauki huɗun amma ya kasa harba ko ɗaya. Auta ta kau da kai. Tausayin abokin gardama ba abin da ake haɗiyewa nan take ba ne.

Ita ta cire masa ƙwallayen. Ta bi su ɗaya-ɗaya, kafaɗa, ƙugu, gwiwa, tana jefawa a gwangwani, kowanne da ƙararsa. Ta tsugunna a gabansa tana ɓalle na idon sawu, yana kallon tsakiyar kanta, inda yake dafawa in ta gaishe shi. Hannunsa ya ɗaga da kansa, ya mai da shi. Ta miƙo masa kayansa a ninke ta nuna masa ƙofar banɗaki da haɓa.

Ya so ya sulale shi kaɗai, amma ta ɗauki jakarta ta biyo shi, ta ce ta yi wa Inna, mahaifiyarta, alkawarin za ta sa shi a mota. Suka sauko hawa ukun nan. A ƙofa mai gadi, wanda Auta ta cika wa kunne da safe, ya ƙame ya sara masa. Sajan ya wuce kamar bai gani ba.

Rana ta yi sanyi, ma'aikata sun fara fitowa, tashar bas ta cika. Suka tsaya a ƙarshen layi kusa da wani shagon gyaran waya. Ya yi ta juya kalmar ban haƙuri a bakinsa, duk wadda ya ɗauko sai ya ga ta yi ƙarama. Ita ce ta fara magana, idonta a kan titi.

"Inna ta sani?"

"A tagar siton ta san ni. Babanta ne telan bariki."

Auta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce wato duk shekarun nan Inna tana zaune tana tsinke zare a bakin zani, tana ji, ba ta taɓa ɗaga kai ba. Ya ce haka ne. Ta ce yarinyar da ta fasa wa baki fa, har yau in sun haɗu ba sa gaisawa. Ya ce ya sani. Ta ce da ya gaya mata tun jiya a gida, ko yau da safe a kan hanya, ko a matakala ma, da ta san yadda za ta yi. Ya ce gaskiyarta. Bai kare kansa ko sau ɗaya ba, kuma ya ga hakan ma haushi yake ƙara mata.

Sannan ta zaro wayarta ta buɗe wani shafi. Ya hango rubutun ta gefen ido, wanda ta shirya zai fito a farkon babin: ga mahaifina, wanda ya ƙetare. Ta ɗora yatsa ta goge shi harafi-harafi yana kallo.

"Fuskar zan cire," ta ce. "In babin ya tsira ranar Litinin, na mutumin nan ne. Ya sunansa?"

Sajan ya buɗe baki da sauri, don ga abu ɗaya da zai iya ba ta. Ai shi ya rubuta sunan da hannunsa, a shafin dama, layi na huɗu daga ƙasa. Yana ganin shafin ƙuru-ƙuru, har inda mai ya ɗiga a gefe. Bakwai, ɗaya, huɗu, huɗu, tara, wannan mai tsagaggen gindi ce. Bakwai, ɗaya, biyar, sifiri, biyu. Shida, takwas, uku, uku, ɗaya, wadda ya maido a sake gogewa. Ta huɗun ma ta zo masa ba gargada. Ya matsa da idon zuciyarsa zuwa ɗaya gefen layin, inda ake sa suna, bai ga komai ba.

"Yana da tsayi," ya ce. "Baƙi ne, da wushirya."

"Sunansa, Baba."

Bas ta iso, mutane suka yi ca a ƙofa, kwandasta yana dukan jikin motar. Sajan ya ɗaga ƙafa zai bi layi, Auta ta riƙe masa hannun riga.

"Ba sauri muke ba. Tuna."

Ya tsaya. Tana riƙe da wayar, yatsanta a kan wurin da ta goge. Leɓensa na motsi, yana bi daga farko, yana sake bi. Har bas ta biyu ta zo ta cika ta tafi, lambobi kawai ke zuwa masa.